Kwana Bakwai Babu Gwangwani

Sau uku Auta tana kai wa Baba maganar Kuku, sau uku yana juya mata ƙeya. A na huɗu ne ya ce ta zauna.

Auta ba yarinya ba ce. Shekararta ashirin da tara, tela ce, kekenta yana ɗakin gaba, kuma ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarsu. Wanda take so mai dafa abinci ne a asibiti, kowa Kuku yake ce masa. Wanda Yayanta yake so mata abokinsa ne, Mai Kanti, mai shago ƙofa biyu a bakin titi.

Baba tsohon kafinta ne. Haƙori uku suka rage masa, maganarsa a wuni ma ba ta cika fin haka ba.

Shekara biyu ke nan, duk ƙarshen wata Mai Kanti yana aiko da kwali guda na waken gwangwani. Ba wanda ya roƙe shi. Yaya ne ya taɓa faɗa a gabansa cewa Baba ba ya iya tauna, sai kwali ya fara zuwa. Auta ta soya albasa da tumatir, ta juye gwangwani uku, minti goma ta sauke. Shi ne abin da Baba yake ci kullum ƙarfe ɗaya na rana, ya bi shi da maganin hawan jini. An gwada masa wasu abubuwan masu laushi, ya ture. Ya ce shi ba jariri ba ne.

"Ban taɓa yi miki dole ba," in ji Baba. "Ba kuma zan fara ba."

"Na sani, Baba."

"Amma wancan na asibitin kada ya tako mini gida. Ke ma kada ki je inda yake."

"Me ya yi?"

Yaya yana jingine a bakin ƙofa yana kaɗa makullin babur. "Sai an faɗa miki? Ƙato da shi, gemu har ƙirji, yana yawo da ludayi. In ya zo gaisuwa wa zai shiga kicin, ke ko shi?"

"Wanda ya iya," in ji Auta. "Kai dai mun san ba ka ciki."

"Ba ludayi ba ne," Baba ya katse su. "Sana'a ba ta da laifi."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa kafin ya ƙarasa.

"Shekara biyu ina cin na mutum. Yanzu ya ce yana son 'yata. In buɗe bakin da ya ci wakensa in ce na ba wani? Ba ni ba."

Auta ta gyara zama. "In dai wake ne, Baba, ai kasuwa cike take da wake."

Yaya ya kwashe da dariya. "Busasshe? Ke? Tun da uwarmu ta rasu kin taɓa dafa waken da ba da wuƙa aka buɗe shi ba?"

"Wake dai wake ne."

Baba ya ɗago ya dube ta.

"To ji. Ki mayar masa da kwalinsa. In na yi kwana bakwai ina cin wakena na rana, na sha maganina, gwangwaninsa bai shiga cikina ba, bakina ya dawo nawa. Sai mu yi magana. In kin kasa, kada in sake jin sunan mai ludayi."

"Na yarda."

"Ban tambaye ki ba. Faɗa miki na yi."

Da kanta ta ɗauki kwalin a ka. Ta ratsa layin masu gyaran babur, ta tsallaka titi, ta dire shi a kan teburin Mai Kanti.

Mai Kanti mutum ne mai sanyin murya da yawan turare. Ya kalli kwalin, ya kalle ta.

"Ƙanwata, laifin me na yi? Ni don Allah nake yi."

"To Allah ya ba da lada. Tsofaffi ba su ƙare a unguwa ba."

"Tsohon ba shi da haƙori, Auta."

"Yana da 'ya."

Ya yi murmushi, ya tura kwalin ƙarƙashin tebur da ƙafa. "Ga shi nan, ba zan sayar ba. Kwana biyu za ki aiko a ɗauka."

Ta juya ta fita. Ta biya kasuwa ta sayi busasshen wake a wurin wanda ta fara tararwa, ba ta ko duba ba.

Washegari ƙarfe sha biyu ta shiga kicin, kamar kullum. Ta ɗauko tsohon gwangwani ta yi awo da shi. Uku take juyewa a da, don haka ta auna uku, cike fal. Ta soya albasa, ta zuba tumatir, ta juye waken a kai, ta ƙara ruwa ta rufe. Har waƙa take yi.

Minti ashirin ta buɗe, wake yana nan yadda yake. Ta ƙara wuta. Ruwa ya ƙone, ta ƙara wani. Waken ya fara kumbura, ya tashi, ya ɗaga murfi, ya zubo ta gefen tukunya. Ta raba shi tukunya biyu. Ya yi yawan da zai ishi mutum goma, amma duk ƙwayar da ta ɗauko ta matsa, sai ta ji kamar tsakuwa ce aka shafa wa jan miya.

Ƙarfe ɗaya ta buga. Baba ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu.

Ta zuba, ta kai.

Yaya ya ɗebi cokali ɗaya, ya tauna, ƙarar ta cika ɗakin. Ya tofar a hannu. "Wannan a ba masu gini, za su gode."

Baba ya jawo farantin gabansa. Ya kai cokali baki. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu. A cokali na biyu ya tsaya cak. Ya sa yatsa biyu a baki, ya zaro wani abu, ya ajiye a gefen faranti.

Haƙori ne, da ɗan jini a gindinsa.

Auta ta matso kusa da shi.

"Kin gani?" in ji Yaya. Wannan karon ba dariya a muryarsa. "Soyayyarki ta fara cin haƙoran tsoho. Saura biyu, sai ki lallaɓa su kai ki kwana bakwai."

"Baba, ka yi haƙuri. Baba, don Allah ka ajiye cokalin."

Baba ya kurkure baki. Ya ɗebi cokali biyar, ɗaya bayan ɗaya, yana haɗiyewa da ruwa ba tauna. Ya jefa maganinsa a baki.

"Da ma yana girgiza," ya ce. "Kwana ɗaya ke nan."

Ya ja sandarsa ya shige ɗaki.

Ƙarfe huɗu Auta ta rufe keken ɗinki a kan rigar da ba ta gama ba, ta yafa mayafi ta fita. Ta san an hana ta. Ta tafi.

Kicin ɗin asibitin yana can baya, kusa da inda ake shanya zannuwan gado. A lokacin an gama rabon rana, ba a ɗora na yamma ba. Kuku yana zaune a kan buhun albasa yana goge babban ludayi. Da ya hango ta ya miƙe, farar hularsa ta bugi saman ƙofa.

"Ranki ya daɗe. Yau da kanki? Wa ya mutu?"

"Haƙorin Baba."

Ta yi niyyar faɗa a tsaye, da dakiya. Ba ta kai tsakiyar labarin ba hawaye suka ƙwace mata. Ya janyo mata benci, ya koma nesa kaɗan ya tsuguna, ya bar ta ta gama.

"Ni na jawo," ta ce. "Bakina ne. Na tsaya gaban Yaya ina cika baki, wai wake wake ne. Tsoho yana haɗiyar tsakuwa saboda ni, ka ga yadda maƙogwaronsa yake motsi? Ni wace irin 'ya ce?"

"Irin wadda ba ta jiƙa wake ba."

"Wasa kake yi da ni?"

"Wallahi a'a. Nawa kika auna?"

"Uku, kamar kullum."

Ya rufe baki da bayan hannu. Kafaɗunsa suna rawa.

"Yi dariyarka ka gama."

"Na gama. Auta, na gwangwani dafaffe ne, ya riga ya sha ruwansa ya ƙoshi. Busasshe gwangwani ɗaya shi ne ukunki. Tumatirin fa, yaushe kika zuba?"

"Da farko."

"To nan kika kashe shi. Tsami yana ɗaure wake. In ya haɗu da tumatir kafin ya nuna, ko kwana zai yi a wuta ba zai saki ba."

Ta share ido da gefen mayafi. Ta kalli manyan tukwanen da ke jere a bayansa, kowacce za ta ɗauki mutum a zaune.

"Ka dafa mini," ta ce a hankali. "Kwana shida ne kawai. Ka zuba a kwano, in aiko a karɓa ta nan baya. Ba wanda zai sani."

Kuku ya ajiye ludayin.

"A'a."

"A'a ka ce?"

"A'a na ce."

"Kana dafa wa mutum ɗari biyu da ba ka san sunansu ba, ubana ne ba za ka dafa wa ba? Ashe son a baki yake. Ni na tsallake maganar Baba na zo nan, kai kwano ɗaya ya gagare ka?"

Kuka ya dawo sabo. Bai matso ba, bai kuma janye maganarsa ba.

"Ki saurare ni. Tsohon nan so yake bakinsa ya dawo nasa. In na dafa na aika, na cire kwalin wancan na sa kwanona. Ran da zan tsaya gabansa, ko ya ce e, ba zan san da zuciyarsa ya faɗa ko da cikinsa ba. Ni ba na son a ba ni ke don kunya."

"In na sake kasawa fa?"

"Ba za ki kasa ba. Ke da kike sa aljihu a inda ba a ganin ɗinki, wake ne zai gagare ki? Tsaya in faɗa miki, sau ɗaya zan faɗa, na yamma yana jirana."

Ta ja hanci, ta gyara zama.

"Gwangwani ɗaya. Ki tsince, ki wanke, ki jiƙa tun yau da ruwa mai yawa. Gobe ki zubar da ruwan, ki sa sabo. Shi kaɗai a tukunya, sai albasa in kina so. Ya tafasa sosai minti goma, sannan ki rage wuta. In ruwa ya ja, ki ƙara mai zafi. Miyarki ki soya daban, ta jira."

"In jefa kanwa ya yi sauri?"

"Da hawan jinin Baba? Kul."

"Yaya zan san ya yi?"

"Ki matsa tsakanin yatsu. Ba wannan ba, wannan ya saba da almakashi, ƙarfe ma zai murƙushe. Da ƙaramin. In ya baje ba ƙwaya a ciki, ya yi. Sai ki juye a miya da ɗan ruwansa, shi zai ba ki kaurin da kika saba gani a gwangwani."

"Awa nawa?"

"In sabo ne, awa ɗaya da rabi. In ya shekara a buhu, sai yadda hali ya yi. Ki dai ba shi lokacinsa. Kada tsoro ya sa ki zuba tumatir."

Ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo.

"Har yanzu ina fushi da kai."

"Na sani. Ki yi shi a gaban tukunya, zai taimaka wa wutar."

Washegari ƙarfe goma ta ɗora. Waken ya kwana a ruwa, ya yi ɓul-ɓul, gwangwani ɗaya ya cika kwano. Ta bi maganar Kuku ɗaya bayan ɗaya. Miya ta soyu, ta sauke ta gefe ta rufe.

Sha ɗaya da rabi ta matsa. Da saura.

Sha biyu ta matsa. Bayan ya yi laushi, cikin yana nan da ƙarfinsa. Sai a lokacin ta tuna yadda fatar waken take a yamutse ran da ta saya, da yadda mai waken ya yi saurin ƙulle leda. Tsohon wake ya sayar mata.

Sha biyu da rabi Yaya ya shigo kicin, abin da bai yi ba tun suna yara. Ya zaro gwangwani daga aljihun riga.

"Wannan fa?"

"Abokina ya ce a ajiye saboda tsaro. Ba zan zauna ina kallo ki ƙarasa tsoho ba."

Ya caka wa gwangwanin wuƙa, ya yanke babban yatsa, ya ja tsaki, ya ɗumama abin a ƙaramar tukunya ya fita da shi.

Ƙarfe ɗaya ta buga. Sanda ta bugi ƙasa sau biyu.

Auta ta matsa ƙwaya. Da saura kaɗan, amma da saura. Ta kalli miyar. Hannunta har ya kai kan murfin, ta janye.

Ta ƙofar kicin tana hango su. Baba a kujerarsa, farantin Yaya a gabansa yana tururi, ƙwayar magani a gefe.

"Baba, ci mana," in ji Yaya. "Lokacin magani yana wucewa."

Baba yana kallon bango.

Ɗaya da minti goma. Ɗaya da kwata. Yaya ya tura farantin gaba kaɗan. Baba ya ɗauki kofin ruwa, sai Auta ta ga ruwan yana rawa a ciki. Jiya cokali biyar ya ci da rana, da safe shayi kawai ya sha.

Ta fito ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka ci nasa."

Yaya ya gyara tsayuwa.

"Ka ci ka sha magani. Na haƙura. Wallahi na haƙura, ba zan sake kawo maka maganar ba. Aure ba zai dawo mini da kai ba in wani abu ya same ka."

Hawaye yana ɗiga a kan tabarma. Baba ya sauke ido ya dube ta.

"Na kira ki?"

"A'a, Baba."

"Wa kika bar wa tukunya?"

Ta ɗago.

"Koma," ya ce.

Ta koma. Ta ƙara ruwan zafi, ta tsaya a kan tukunyar kamar mai gadi. Ɗaya da rabi ta ɗauko ƙwaya, ta sa a kan ƙaramin yatsa ta danna. Ta baje kamar man shanu. Ta gwada ta biyu, ta gwada ta uku. Ta juye a miya da ludayi biyu na ruwansa, ta bar shi minti biyar ya kama jikinsa.

Biyu saura ashirin ta ajiye farantin kusa da na Yaya.

Baba ya ɗebi cokali. Ya danna da harshe a dasashi. Ya haɗiye. Ya ɗebi na biyu. Bai tsaya ba sai da ya ga ƙasan faranti, ya share gefen da yatsa, ya sha maganinsa.

"Kwana biyu," ya ce.

Ya goge baki.

"Jiya tsakuwa, yau wannan. Wa ya koya miki?"

Auta ta san ƙarya za ta wuce. Maƙwabciya ma ta isa amsa.

"Kuku ne. Na je asibiti jiya da la'asar."

"Ka ji ko, Baba?" Yaya ya ɗaga yatsansa mai ɗaure da tsumma. "Da bakinka ka hana ta. Wa ya sani ma ko shi ya dafa ya aiko ta bayan gida?"

"Tun ƙarfe goma nake jin tukunyar nan," in ji Baba. "Haƙori na rasa, ba kunne ba."

Ya juya ga Auta, fuskarsa a murtuke.

"Na hana ki, kin je. Wannan daban, za mu yi shi. Amma mutum sana'arsa girki, ya ga kina kuka. Me ya hana shi dafawa ya ba ki?"

"Na roƙe shi. Ya ƙi."

"Ya ƙi?"

"Ya ce in ka ci nasa, ran da ya zo ba zai san da zuciyarka ka amsa ko da cikinka ba."

Baba ya jingina da kujera. Ya daɗe yana murza kan sandarsa da babban yatsa, yadda yake yi wa katako in yana neman inda bai goge ba.

"Saura kwana biyar," ya ce. "In kin cika su, ran na shida ya zo da hantsi. Ban ce na ba shi ba. Na ce ya zo in gan shi."

"To, Baba."

"Hannu rabbana zai zo. In na ga ko albasa ɗaya a hannunsa, daga ƙofa zai juya."

Auta ta sunkuyar da kai don kada a ga bakinta.

"Baba, abokina fa?" in ji Yaya. "Me zan ce masa?"

"Ba kai za ka ce ba. In lokaci ya yi da ƙafata zan je in gode masa."

Baba ya dafa sanda ya miƙe. Ya kalli farantin gwangwanin da ya huce, mai ya kwanta a samansa. Ya tura shi gaban Yaya da bakin sanda.

"Kai ka buɗe. Cinye."